Siffofin Kyakkyawar Ƙira: Daga Kayan Amfanin Yau da Kullum Zuwa Shafukan Musayar Hotuna

Abin da ake nufi da kyakkyawar ƙira

Duk wani abu da hannun ɗan Adam ya samar, sai da wani ya yanke shawarar yadda zai kasance: tsawonsa, nauyinsa, inda za a riƙe shi, da abin da za a yi shi da shi. Maƙeri yana yanke irin wannan shawara a lokacin da yake lanƙwasa bakin lauje, maginiyar tukwane tana yanke ta sa'ad da take fitar da wuyan tulu, haka shi ma mai rubuta manhaja idan yana zaɓen inda zai ajiye maɓalli a fuskar waya. Tarin waɗannan shawarwari shi ne ƙirar abu, kuma ma'auninta guda ne: yadda abin yake biya wa mai amfani da shi buƙata a cikin halin da yake ciki. Ado yana da muhallinsa, amma bayan aiki yake zuwa.

Wannan ra'ayi ya daɗe a hannun masu sana'a kafin a rubuta shi a littafi. A ƙasashen Turai da Amurka ya zama fannin nazari ne bayan da masana'antu suka fara fitar da kaya iri ɗaya dubbai a rana. A 1896 Louis Sullivan, wani mai zanen gine-gine ɗan Amurka, ya yi rubutu yana kare ra'ayin cewa siffar gini ta bi aikin da ginin zai yi. A 1919 Walter Gropius ya kafa makarantar Bauhaus a birnin Weimar na Jamus, inda aka haɗa masu zane da masu aikin hannu a aji ɗaya domin su ƙera kujera da fitila da butar shayi waɗanda masana'anta za ta iya bugawa da araha. Dieter Rams, wanda ya shugabanci sashen ƙira na kamfanin Braun daga 1961 zuwa 1995, ya tattara ƙa'idoji goma, kuma jigonsu shi ne abu ya zama mai amfani, mai sauƙin ganewa, mai ƙarko, a kuma cire masa duk abin da ba ya buƙata. A 1988 Don Norman, masanin halayyar tunanin ɗan Adam, ya fitar da littafi kan kayan yau da kullum, wanda ya nuna cewa yawancin kurakuran da mutane ke zargin kansu da su, laifin ƙirar kayan ne.

Siffar da ta fito daga aiki

Jarka misali ce mai kyau ta abin da kowane sashensa yake da dalili. An tsara ta a Jamus a 1937 domin dakon man sojoji, tana cin lita 20, wato gwargwadon abin da mutum guda zai iya ɗauka ya yi tafiya. Jarkar ƙarfen ta asali tana da mariƙi uku a jere. Mutum ɗaya zai ɗauki cikakkiya ta mariƙin tsakiya. Mutum biyu su kama ta gefe da gefe. Idan kuma ba komai a ciki, a haɗa biyu a hannu ɗaya ta mariƙan da ke maƙwabtaka. Tsagin da aka danna a jikinta ta gefe biyu yana ƙarfafa ƙarfen, yana kuma ba shi damar kumbura da motsewa idan mai ya ɗauki zafi ko ya huce. A samanta an bar wani ɗan sarari da mai ba ya cikawa, saboda haka ko ta faɗa ruwa ba ta nutsewa. Akwai kuma ƙaramin bututun iska a bakinta wanda ke sa mai ya zubo a miƙe ba tare da ƙwarewa ba. Siffarta mai kusurwa huɗu tana sa a jera da yawa a mota ba a ɓata wuri ba. A yaƙin duniya na biyu, sojojin Ingila a hamadar Arewacin Afirka sun yi ta asarar mai da gwangwanayensu masu yoyo, har suka koma amfani da jarkokin da suka ƙwato daga Jamusawa, daga baya aka kwaikwayi ƙirar.

Biron Bic, wanda Marcel Bich ya fitar a Faransa a 1950, shi ma haka yake. Jikinsa mai kusurwa shida ne kamar fensir, don haka yana zama a yatsu kuma ba ya gangarowa daga kan tebur. Robar jikin garai take, mai rubutu yana ganin sauran tawadar da ta rage. Ɗan ramin da ke gefensa yana daidaita iskar ciki da ta waje, don kada tawada ta yi tsiyaya. Launin murfin shi ne launin tawadar. A 2006 kamfanin ya sanar da sayar da biro na biliyan 100, kuma siffarsa ba ta canza sosai ba tun farkonta. Daɗewar abu a kasuwa ba tare da an ga dalilin sake shi ba tana daga cikin manyan shaidun kyawun ƙirarsa.

Abin da ke bayyana kansa

Siffa ta biyu ita ce abu ya nuna yadda ake amfani da shi ba tare da bayani ba. Wanda bai taɓa ganin buta ba, da ya dube ta zai san inda ake riƙewa, inda ake zuba ruwa da inda yake fitowa. Siririn bakinta yana tsimin ruwa, mariƙinta yana ba da damar karkata ta da hannu ɗaya yayin da ɗaya hannun yake wanki, wanda kuwa shi ne ainihin abin da mai alwala yake buƙata. Akasin wannan shi ne ƙofar gilashin da ake gani a manyan ofisoshi da bankuna, mai mariƙi iri ɗaya ciki da waje. Mariƙi yana kiran hannu ya ja, to amma ta ɓangare ɗaya turawa ake yi, sai mutum ya ja, ƙofa ta ƙi, ya ji kunya. Norman ya yi amfani da wannan misali har aka riƙa kiran irin waɗannan ƙofofi da sunansa. Maganin mai sauƙi ne: a sa mariƙi inda ake ja, a sa faifan ƙarfe shimfiɗaɗɗe inda ake turawa. Duk ƙofar da sai an manna mata takarda an rubuta yadda ake buɗe ta, ƙirarta ta gaza.

Haka nan murhun gas mai kai huɗu. Kawunan suna zaune biyu gaba biyu baya, amma makunnansu suna jere a layi ɗaya, don haka mai girki ba ta san wanne ne na wanne ba sai ta gwada. Da an jera makunnan yadda aka jera kawunan, da ido kaɗai ya isa.

Abu kuma ya kamata ya ba da amsa ta gaskiya bayan an taɓa shi. Ƙarar da makulli ke yi idan ya kama, ko ɗan nauyin da yatsa ke ji idan makunnin fitila ya faɗa, duk saƙo ne cewa aiki ya yiwu. Hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a jihar Pennsylvania ta Amurka, a watan Maris na 1979, ya nuna illar amsar da ba ta gaskiya ba. Wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya injin yana ta fita. Fitilar da ke gaban ma'aikata kuwa tana nuna cewa an aika umarnin rufe bawul ɗin ne kawai, ba ta nuna ko ya rufu. Ma'aikatan sun ɗauka a rufe yake, aka kwashe fiye da sa'o'i biyu kafin a gano gaskiya.

Tanadi domin kuskure

Mai ƙira na ƙwarai yana ɗauka tun farko cewa mutane za su yi mantuwa, za su yi gaggawa, yara kuma za su taɓa abin da aka hana su. Fulogi mai ƙafa uku, wanda Ingila ta fito da ƙa'idarsa a 1947 kuma ake amfani da shi a Nijeriya da Ghana, an gina shi ne kan wannan tunani. Ƙafar sama ta fi sauran tsawo, ita ce ta kariya, kuma ita ke fara shiga ta buɗe wasu ƙananan marufai da ke toshe ramukan wuta guda biyu. Yaron da ya cusa ƙusa a ramin ƙasa zai tarar da shi a rufe. A cikin fulogin akwai fis da ke ƙonewa idan wuta ta yi yawa, kafin wayar ta kama. Daga baya aka ƙara rufe rabin ƙafafun ƙasa da roba, don kada yatsa ya taɓa ƙarfe mai wuta lokacin cirewa.

Sai dai kasuwannin Nijeriya cike suke da caja da kayan wuta masu ƙafa biyu, waɗanda aka yi wa wasu ƙasashe. Shi ya sa aka saba ganin mutum ya cusa murfin biro ko tsinke a ramin sama domin ya buɗe marufan, ya tura cajarsa. A nan kariyar da aka wahala aka tsara ta tashi a banza, saboda soket da fulogi ba su fito daga tsari ɗaya ba. Ba a auna ƙirar abu shi kaɗai. Ana auna ta tare da abubuwan da zai yi aiki da su.

Wata dabara ita ce a sa kuskuren ya gagara gaba ɗaya. An datse kusurwa ɗaya ta katin layin waya, saboda haka hanya ɗaya tak yake shiga. Tsohon bakin USB ya kasa a wannan fanni, domin fuskokinsa biyu sun yi kama amma ta ɗaya kawai yake shiga. USB-C, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 2014, yana shiga ta kowace fuska. Ramin da ke saman murfin biron Bic kuwa an ƙara shi ne a 1991, domin idan yaro ya haɗiye murfin, iska ta samu hanyar wucewa.

Dacewa da wuri da mutane

Abin da ya dace da wani wuri yana iya zama tarkace a wani. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda yumɓu yana da ƙananan kafofi: ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, bushewar ta tafi da zafi. A shekarun 1990 Mohammed Bah Abba, wani malami a jihar Jigawa, ya ɗora a kan wannan sani. Ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. A gwajin da ya yi, yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Babu lantarki, babu kayan gyaran da za a jira daga waje, kuma maginan tukwane na ƙauye suna iya yin ta. Ta kai shi ga samun kyautar Rolex a 2000. Tana aiki sosai a inda iska take a bushe, kamar ƙasar Hausa da rani; a wuri mai laima amfaninta kaɗan ne.

Wayar Nokia 1100, wadda ta fito a 2003, an tsara ta ne domin ƙasashen da ƙura ta yi yawa kuma wuta ba ta da tabbas. Maɓallanta a rufe suke da roba guda, gefenta ba ya santsi, batirinta yana kwanaki, ga tocila a ka. An sayar da fiye da miliyan 200. A wani ɓangaren kuma, Sam Farber ya kafa kamfanin OXO a Amurka a 1990 bayan ya ga matarsa, mai fama da ciwon gaɓɓai, tana shan wuya da abin feraye dankali mai siririn mariƙin ƙarfe. Ya sa aka yi mariƙi mai kauri da taushi, sai ga shi masu lafiya ma sun fi son sa. Sau da yawa abin da aka sauƙaƙa wa mai rauni yakan zama sauƙi ga kowa.

Kyamara ma tana da nata tarihin a wannan batu. Shekaru masu yawa ɗakunan wanke hoto suna daidaita launi da wani katin kamfanin Kodak mai ɗauke da hoton farar mace, saboda haka fuskar baƙin mutum takan fito a dushe. Kamfanin Transsion na Sin, mai wayoyin Tecno da Infinix da Itel, ya ci kasuwar Afirka ne da abubuwa irin su gurbin layi biyu, batir mai ƙarko, da kyamarar da aka daidaita domin baƙar fata ta fito sarai.

Shafukan musayar hotuna: ɗorawa da nemowa

Shafin musayar hotuna yana da ayyuka huɗu: ɗora hoto, kallonsa, nemo shi daga baya, da iyakance wanda zai gan shi. Ƙa'idojin da aka ambata a sama duk suna aiki a kansa.

Flickr ya fara aiki a watan Fabrairun 2004 a birnin Vancouver na Kanada, a hannun Stewart Butterfield da Caterina Fake. Asalinsa ɗan sashe ne na wani wasan intanet da kamfaninsu ke haɗawa. Da suka ga mutane sun fi sha'awar sashen hotunan, sai suka ajiye wasan. Babbar gudummawar Flickr ita ce warware matsalar nemowa. Kwamfuta a lokacin ba ta gane abin da ke cikin hoto, don haka aka ba kowa damar liƙa wa hotonsa kalmomi, kamar sunan gari ko na biki, a kuma nemo shi da su. Kowane hoto yana da adireshinsa na dindindin, kuma mai shi yana iya zaɓen lasisin Creative Commons, ya bayyana ko an yarda a yi amfani da shi. A Janairun 2008 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya ɗora tsofaffin hotuna kimanin 3,000 a shafin, jama'a suka shiga gano wurare da mutanen da ma'aikatan laburaren ba su sani ba.

Facebook ya ƙara sashen hotuna a 2005. Ingancin hotunan bai kai na Flickr ba, amma ya ba da damar a nuna fuska a rubuta sunan mai ita, shi kuma ya samu sanarwa. Masu tsara shi sun gane cewa abin da ya fi jan hankalin yawancin mutane a hoto shi ne wanda ke cikinsa.

Instagram misali ne na amfanin ragewa. Kevin Systrom da Mike Krieger sun fara da wata manhaja mai suna Burbn, mai ayyuka barkatai. Suka zubar da kusan komai, suka bar hoto, tsokaci da alamar so, suka fitar da ita ranar 6 ga Oktoba, 2010. Mutum 25,000 suka yi rajista a ranar farko, kafin ƙarshen shekara sun kai miliyan ɗaya. Kyamarar waya a lokacin ba ta da ƙarfi, sai aka ba da wasu launuka shiryayyu da ake shafa wa hoto da taɓawa ɗaya, su rufe masa aibi. A lokacin duk hotuna murabba'i ne, tsawo da faɗi ɗaya, don haka suka jeru tsaf a fuskar waya. Wannan ƙa'ida ta tsaya har 2015. Akwai kuma dabarar da ba a gani: manhajar tana fara tura hoton tun mai shi yana rubuta bayaninsa, ta yadda kafin ya danna maɓallin ƙarshe aikin ya yi nisa. A Afrilun 2012 Facebook ya sayi kamfanin kan dala biliyan ɗaya, ma'aikatansa 13 kacal.

Sauri, data da masu buƙata ta musamman

Sauri sashe ne na ƙira. Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhaja, ya yaɗa wasu ma'aunai uku: amsar da ta zo cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ana jin ta nan take, daƙiƙa ɗaya ba ta katse tunani, bayan daƙiƙa 10 kuwa hankali ya tafi wani wuri. Hoto yana da nauyi, shi ya sa tsarin JPEG, wanda aka amince da shi a 1992, yake zubar da bayanan da ido ba ya lura da su domin ya rage girman fayil. Shafi mai kyau yana ajiye kowane hoto a girma daban-daban, ya aika wa ƙaramar waya ƙarami. Yana nuna dusu-dusun hoton kafin cikakken ya iso, don mai kallo ya san abu na tafe. Idan layi ya yanke ana tsakiyar ɗorawa, yana ci gaba daga inda ya tsaya.

Ga wanda ke sayen data ta kwana ɗaya, kowane bidiyon da ya kunna kansa kuɗi ne ke fita daga aljihu. Wannan ne ya sa a 2021 aka fitar da Instagram Lite a ƙasashe fiye da 170, mai nauyin megabait 2 kawai, alhali cikakkiyar manhajar ta doshi 30. Makafi ma suna amfani da waɗannan shafuka ta hanyar manhajar da ke karanta musu abin da ke fuskar waya, kuma ba ta da abin faɗa game da hoto sai an rubuta masa bayani. Instagram ya ƙara gurbin wannan bayani a 2018. Alamomi masu sauƙin ganewa da maɓallai masu girman da babban yatsa zai iya dannawa suna taimakon wanda karatunsa bai yi nisa ba, da dattijon da idonsa ya yi rauni.

Sirri

Hoton waya yana ɗauke da ɓoyayyun bayanai: ranar da aka ɗauke shi, irin wayar, wani lokaci har da ainihin wurin. A Disambar 2012 John McAfee, wanda ya kafa kamfanin manhajar kare kwamfuta, yana ɓuya daga 'yan sandan ƙasar Belize, sai mujallar Vice ta wallafa hotonsa ba a goge waɗannan bayanai ba, nan da nan aka gane yana Guatemala. Manyan shafuka da dama yanzu suna goge bayanin wuri daga hoton da jama'a ke gani.

Mafi yawan mutane ba sa taɓa saitin da suka tarar, saboda haka zaɓin da kamfani ya ajiye tun farko shi ne dokar da ke aiki a zahiri. Shafi mai kyau yana nuna wa mai ɗora hoto, a daidai lokacin ɗorawa, su wa za su gani. Yana ba wanda aka rubuta sunansa a hoton wani damar cirewa, domin a hoton biki ko suna akwai mutane da yawa da ba a nemi izininsu ba. A Nuwamban 2021 Facebook ya rufe tsarinsa na gane fuska, ya ce zai goge bayanan fuskokin mutum fiye da biliyan ɗaya, bayan shekaru ana ƙorafi da shari'a.

Inda shafi ya bambanta da kayan hannu

Akwai bambanci biyu tsakanin jarka da shafin intanet. Na farko, wanda ya sayi jarka shi ne mai amfani da ita, don haka maƙerinta mutum ɗaya yake yi wa aiki. Shafin kyauta kuwa masu talla ne ke biyan kuɗinsa, kuma abin da suke saye shi ne lokacin mai kallo. Daga nan ƙwarewar ƙira takan juya ta zama kyan ɗan maciji. Jerin hotuna marar ƙarshe, wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga Aza Raskin a 2006, ya cire maɓallin zuwa shafi na gaba. Ya sauƙaƙa kallo, ya kuma cire wurin da mutum kan tsaya ya tuna yana da wani aiki. Raskin da kansa ya bayyana nadama daga baya. A 2016 Instagram ya daina jera hotuna bisa lokacin ɗora su, ya koma jera su bisa hasashen abin da zai riƙe mai kallo. A 2019 ya fara gwajin ɓoye adadin masu son hoto saboda matsin da hakan ke yi wa matasa, a 2021 ya mai da shi zaɓi. A wannan shekarar ce Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar da takardun cikin gida da ke nuna kamfanin ya san manhajar tana ƙara wa wasu 'yan mata damuwa game da surar jikinsu. Tun a 2010 Harry Brignull ya fara tattara misalan dabarun yaudara a shafuka, irin su rajista da taɓawa ɗaya amma rufe asusu sai an bi matakai masu yawa.

Na biyu, kayan hannu ba ya sake hali bayan an kai shi gida, shafi kuwa yana iya sake sharuɗɗansa dare ɗaya. A tsakiyar 2017 shafin Photobucket ya ce duk mai son hotunansa su ci gaba da bayyana a wasu shafuka sai ya biya dala 399 a shekara, hotuna masu ɗimbin yawa suka ɓace daga inda aka liƙa su shekara da shekaru. Flickr, wanda Yahoo ya saya a 2005, ya ba kowa terabait ɗaya kyauta a 2013. Bayan kamfanin SmugMug ya karɓe shi a 2018, aka taƙaita asusun kyauta zuwa hoto 1,000. Google Photos ya kawo ƙarshen ajiya kyauta marar iyaka a Yunin 2021. Saboda haka ƙarko a shafin hotuna yana nufin riƙon amana: a sanar da canji da wuri, a kuma ba mutum hanya mai sauƙi ta sauke dukkan hotunansa da cikakken ingancinsu ya tafi da su.

Yadda ake gwada ƙira

Mai ƙira ba ya iya zama alƙalin aikinsa, domin ya riga ya san yadda abin yake aiki. Hanyar da aka fi dogara da ita ita ce a miƙa abin ga wanda bai taɓa ganinsa ba, a ba shi aiki, a zauna a yi shiru ana kallo. Duk inda ya yi turus, ko ya danna abin da ba shi ba, akwai gyara a wurin. A 2000 Nielsen ya nuna cewa gwaji da mutum biyar yakan fito da mafi yawan matsalolin shafi, kuma ƙananan gwaje-gwaje da ake maimaitawa bayan kowane gyara sun fi babban gwaji guda amfani. Sharaɗin shi ne mutanen su kasance irin waɗanda za su yi amfani da abin, da irin wayoyinsu da irin layinsu. Manhajar da aka gwada a sabuwar waya cikin ofis mai intanet mai ƙarfi ba a san halinta ba tukuna a tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, a tsakar rana, da ragowar data kaɗan.

Mai saye ma yana da tambayoyin da zai auna kowane abu da su, na hannu ne ko na intanet. Yana yin aikin da aka yi shi dominsa? Ana gane shi ba tare da an tambayi wani ba? Yana faɗin gaskiyar halin da yake ciki? Idan an yi kuskure, ana iya komawa baya? Ya dace da wutar wurin, da ƙurarsa, da aljihun mutanensa? Zai daɗe, kuma akwai mai gyaransa a kusa? Ga shafin hotuna akwai ƙarin tambayoyi biyu: wane ne yake biyan kuɗin tafiyar da shi, kuma idan mutum ya so tafiya, zai iya kwashe hotunansa duka?